Hasken da Mama Ta Ƙi

A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan na tashi, lokacin da jirgi yake zuwa yana tafiya. Babanmu yana gyaran layin dogo. Maƙwabcinmu kuwa direban jirgi ne, shi ya fara kawo bidiyo layinmu, kuma duk dawowarsa daga kudu sai ya zo da tsofaffin kaset da ya tsinto a kasuwa, baƙi da fari, hoton yana rawa. Ranar Lahadi bayan sujada, in akwai wuta, falonsa yakan cika har bakin ƙofa.

Kusan duk labarinsu ɗaya ne. Turawa sun yi gwaji da wani haske mai guba, hasken ya taɓa ƙadangare ko kwaɗo, abin ya kumbura ya fi tankin ruwan tasha, ya shiga gari yana tattake motoci. Mu yara mun gano wasan da wuri. Yayana ya taɓa nuna mana zif a bayan dodon, motocin kuma ba su fi na gwangwani da muke ja da zare ba. Muna ta dariya.

Mama ba ta dariya. Takan zauna a gefen kujera da ɗankwalin coci a kanta, ta haɗa hannuwa kamar ana wa'azi. Sai da na girma na gane dalili. A ƙauyensu, can wajen Madakiya, masu mishan da ma'aikatan lafiya ne kaɗai suke kawo majigi. A rataye farin ƙyalle a jikin bishiya, a nuna kurkunu yana fitowa daga ƙafar mutum, a ce a tace ruwa. Ta ga kurkunu da idonta a ƙafar ƙaninta, don haka ta san majigi ba ya ƙarya. Fim mai launi, na rawa da faɗa, wannan wasa ne a wurinta. Amma in baƙi da fari ne, ga Bature da farar riga yana bayani, to gargaɗi ne.

Akwai fim guda da ya zauna mata a rai. Wani ma'aikaci ya buɗe ƙofar da aka hana buɗewa, mai alama kamar fanka mai fiffike uku. Ya dawo gida lafiya, ya ci abinci. Washegari fatar fuskarsa ta soma tasowa kamar ƙosai a mai. Matarsa ta gudu, 'ya'yansa ba su gane shi ba. Ranar Mama ba ta ci tuwo ba, kuma a addu'ar iyali ta sa matar mutumin.

Shekaru suka wuce. Baba ya rasu, jirgi ya daina zuwa, na yi aure na hayayyafa. Mama ta koma sana'ar citta, tana kankarewa tana shanyawa, ta kuma zama ɗaya daga cikin iyayen zumuntar mata ta cocinmu. Ita ake kira in mace ta rasu. Ita take wankan gawa, ta sa wa mamaciya ankon zumunta, ta ɗaura mata ɗankwali, domin a wurinmu sai an buɗe akwati kowa ya zo ya ga fuska kafin a kai kabari.

Ƙullutun da ya fito mata a nono ta ɓoye shi har ya ƙi ɓoyuwa. Aka yi aiki aka cire. Likita ya ce da saura, sai an kai ta babban asibiti a birni an gasa wurin da inji, in ba haka ba ciwon zai dawo, kuma in ya dawo ba zai yi wasa ba. Ta yarda. Muka shiga mota ni da ita da yayana, wanda yanzu malamin sakandare ne. A Mararaban Rido har gasasshiyar masara ta saya mana, tana tsokanar direba wai tuƙinsa irin na mai kai amarya ne.

An auna ta, an zana mata layi da tawada a ƙirji. Ina riƙe da zanenta muka bi dogon baranda, sai ta tsaya cak. A jikin ƙofar ƙarfe ga fankar nan mai fiffike uku. A fim ba ta da launi, a nan an yi ta a kan ruwan ɗorawa, amma Mama ta gane ta.

Nas ɗin mai kirki ce. Ta bayyana mata cewa ba zafi, za ta kwanta ne kawai, su duka su fita su rufe ƙofa, suna kallonta ta talabijin. Mama ta dube ta ta ce, "'Yata, in magani ne, me ya sa ku kuke gudu?"

Nas ta ba da amsa mai kyau, na kuma gane ta. Mama ta gode mata, ta karɓi zanenta daga hannuna ta ɗaura.

Ba abin da ba mu yi ba bayan mun dawo. Fasto ya zo ya ce Ubangiji ne ya ba likitoci hikima, ta ce amin, ta ba shi citta ya kai wa matarsa. Wata mata daga cocinmu da aka yi wa gashin injin ta zo ta buɗe rigarta, ba komai sai ɗan duhu a fata. Mama ta ce ai shi ma mutumin cikin fim ɗin ya ci abinci lafiya a ranar farko. Yayana ya nemo irin finafinan a waya, ya tsayar da hoton daidai kan zif ɗin.

Ta ce, "Malam, na san dodon riga ce. Wa zai iya kama na gaske ya ɗauke shi hoto? Hasken nake tambaya. Akwai shi ko babu?"

Yayana ba ya iya ƙarya. Ya ce akwai. Ta tambaya ko ya taɓa ƙona mutane, ya ce ya taɓa, amma wannan daban ne, ana auna shi. Ta riga ta juya ga tiren cittarta.

Wata rana da hantsi ina tsefe mata kai, ta faɗa mini abin da ke ƙasa. A lokacin wani rikici an kawo musu wata mata da wuta ta ci. Suka rasa inda za su ɗaura ɗankwali. Aka rufe akwatin da ƙusa, 'yar matar tana bin mutane tana roƙon a bar ta ta gani ko sau ɗaya. Mama ta ce ita ba ta tsoron tafiya wurin Yesu, amma ba za ta bar mu da akwati a rufe ba. Na ce Mama, mu dai ke muke so, ba fuskarki a akwati ba. Ta ce in kama kitson da kyau, ina ja mata gashi.

Ciwon ya dawo kafin a haƙe sabuwar citta. Ni nake wanke shi safe da yamma, kuma abin da na gani a ƙarƙashin bandeji babu wani fim da ya taɓa nuna irinsa. Ina addu'a ina wankewa, tana taya ni da waƙar coci har muryar ta daina fita.

Ranar jana'iza ni na ɗaura mata ɗankwalin, yadda ta koya mini, ƙullin a gefen hagu. Anko ya rufe sauran. Aka buɗe akwati a ƙofar gida, mata suka yi layi. Kowace ta leƙa sai ta ce kamar barci take yi, ko tabo babu.

Haka ne kuwa. Ko tabo babu.