Kambas ɗina a ƙofar zauren surukai

Muna durƙushe a zauren baban Hauwa a Taba, ni da abokina Sani mun je gaisuwar surukai, sai ruwa ya kece. Takalmanmu suna waje. To wa zai katse dattijo yana nasiha ya ce zai kwashe takalmi?

Da muka fito na ɗaga kambas ɗina, saman ya biyo hannuna, ƙasan ya zauna a taɓo. Sabo fil! Ragon da na kiwata na sayar na saye shi a kasuwar Makarfi, mai kayan har da rantsuwa wai orijina ne.

Sani ya jujjuya shi ya ce, "Mutumina, wannan ai ba fata ba ce, leda aka manna wa kwali. Ɗinkin ma zane ne, gam kawai ya riƙe shi."

Nasa tsohon na gwanjo, zazzage ruwan ya yi ya zura abinsa.

Baban Hauwa ya miƙo mini silifas ɗin alwalarsa, ƙannen Hauwa suna leƙe.

Ba rago, ba takalmi. Jama'a, da wace fuska zan mayar da silifas ɗin nan?