Yaya Audu Bai Taɓa Faɗuwa Ba

Duk wanda ya san yayana Audu a ƙauyenmu na gefen Tsanyawa ya san maganarsa: "Ni ban taɓa faɗuwa ba." Wallahi ko a ƙasa ka tsince shi, haka zai gaya maka.

Wata damina santsi ya kwashe shi a bakin rijiya. Na ruga ina salati. "Yaya, ka faɗi?"

Yana rigingine cikin taɓo ya ce, "Hadari nake dubawa. Kwanta ka gani, Musa, yau akwai ruwa."

Dokin ƙofar ɗakinsa kuwa ya kusa kai gwiwa. Na ce a rage masa tsawo. Ya harare ni. "Ginin Baba za a rage? Ƙafarka ce dai ta gaza." Ran da ya yi tuntuɓe da shi ya kifar da ƙwaryar fura, cewa ya yi kaji yake wa sadaka!

Ɗansa Sani ya kawo masa sanda daga Kano, mai roba a gindi. Washegari muka gan ta kafe a gonar gero, sanye da tsohuwar riga, tana korar tsuntsaye. "Ga tsohon da ke buƙatarta nan," in ji Yaya.

Sai Sani ya sa aka shimfiɗa tayil a makewayi, fari tas, wai gida ya waye. Yaya ya leƙa, ya shafa da tafin ƙafa, ya ɗebo yashi a kwano ya barbaɗe wurin. Kai, mun sha dariya, har da ni! Aka ce ƙauyanci ne, baƙi za su gani, aka share yashin.

A kan tayil ɗin nan ƙugunsa ya karye wajen wanka. Daga ranar bai sake taka masallaci ba, balle gona.

Na zauna a bakin gadonsa ina tsokanarsa. "Wannan karon me kake dubawa?"

Ya ce, "Wannan karon faɗuwa na yi, Musa. Kada ka gaya wa kowa."

Ga shi na gaya, Yaya, ka yafe mini. Jama'a, in tsohonku ya zuba yashi, ku bar masa abinsa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya tabbatar da ƙafarsa a kan Siraɗi. Amin.