Yarinyar da Ta Hau Tsamiya da Ƙwaryar Uwarta

Shin yarinyar nan ta sauko, ko tana can sama har yau? Na tsufa, haƙorana sun zube, ban san amsa ba. Rubuta shi haka, Nafisa jikata, ko Allah zai sa wanda ya sani ya karanta.

A Jiga Birni na tashi, a ɗakin kakata Inno. Idan sanyi ya shigo, aka gama cin tuwo, sai ta tara karan dawa ta hura wuta a tsakar gida. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura gyaɗarsa cikin toka. Sai ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan tafe, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne, Inno!"

Akwai tatsuniyar da na fi so. Wata shekara ruwa ya ƙi sauka, gero ya fara ƙonewa a gona. Wata yarinya ta ɗauki ƙwaryar uwarta, ta hau wata tsamiya da ba a ganin ƙarshenta. Ta yi ta hawa har ta ɓulla wata kasuwa a bisa gajimare, inda taurari ke zaune kamar mata masu talla, kowace da tulun ruwa a gabanta. Wata tsohuwar tauraruwa ta cika mata ƙwaryar, ta ce, "Sauka, ɗiyata. Amma in ɗigo guda ya zube kafin ki taka ƙasa, tsamiyar za ta ɓace." Yarinya ta ɗora ƙwarya a ka, ta sa ƙafa a reshen farko.

Nan barci ke ɗauke ni. Kullum nan.

Da safe in bi Inno har bakin murhu. "Inno, ta sauko?"

"Ke uwar barci, ba a tatsuniya da rana. Jira dare."

Dare ya yi, ta faro tun daga ƙonewar gero, don ita ba ta kama labari daga tsakiya. 'Yan'uwana kuwa suka mayar da ni abin wasa. Wannan ya ce ta faɗo, wancan ya ce ta auri tauraro. Haka har aka kai ni ɗakin miji a Aliero, Inno ta rasu da ƙarshen labarinta.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, manomin albasa ne. A wurin kai albasa kudu ya fara ganin finafinan mutane masu tashi sama da jirage masu yawo tsakanin taurari, kuma bai sake warkewa ba. Yakan dawo da littattafan zane a aljihu, na jarumai masu sutura kamar ta 'yan kokawa. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Hoton yake kallo ya shirya nasa zancen. Da yara suka girma suka sa mana talabijin, ya samu tabarmarsa a gabanta, ya samu kuma abin faɗa.

"Wanga jarumi ban yarda da shi ba," in ji shi. "Tun da aka fara ban ga ya ci abinci ba. Da wane ƙarfi zai ɗaga dutse?"

Masu jirgin taurari ya fi so, amma su ma bai ƙyale su ba. "Sun sauka duniya sabuwa fil, ba wanda ya duƙa ya damƙi ƙasar ya ga ko za ta yi albasa. Wawaye!" Dodo mai aman wuta kuwa tausayinsa yake ji, wai yana kwance a kogonsa aka je aka tsokane shi. Ya kan ce littafin zane ya fi fim mutunci, don shi yana jiranka ka je ka yi salla ka dawo. Idan jikoki suka ce, "Kaka, ba haka suka ce ba," sai ya ce, "To, da haka suka ce da ya fi daɗi."

Ranar da na ba shi labarin tsamiya, ya yi dariya har da hawaye. Tun daga nan ya ɗaura aniyar samo mini ƙarshe. Kowane sabon fim, sai ya leƙo madafa.

"Ta Jiga, na samo! Jirgi ne ya zo ya ɗauke ta."

"Malam, ina jirgi a zamanin Inno?"

"To, mayafinta ya zama fiffike."

"Ruwan fa? Ai zai zube."

"Kash! Ke wuyar sha'ani gare ki."

Yanzu ƙannenki, Nafisa, su ke zama gabana suna tambaya, "Ta sauko?" Sai in ba su na jirgi yau, gobe na fiffike, su yi ta gardama kamar yadda muke yi ni da shi. A da ina ganin barci ya cuce ni. Yanzu na gane da na ji ƙarshen nan tun ina yarinya, da ban samu hirar da ta riƙe mu har tsufa ba. Ina kuka, kar ki fasa rubutu, kukan nan da daɗinsa.

Da ciwo ya kwantar da Malam, wata safiya ina ba shi kunu, ya ture kofin ya dube ni. Na ga idon nan nasa na tsokana.

"Ta Jiga, yarinyar nan taki."

"Malam, ba a tatsuniya da rana."

Ya yi murmushi, ya kama hannuna. "Kwantar da hankalinki. In Allah Ya haɗa ni da Inno, zan sa ta faro mini tun daga gero. Ni ba na barci a gaban labari."