Gwangwanin da Sagir ya ajiye a teburin likita

Assalamu alaikum, 'yan zauren masoya wasan lauya. Wata huɗu ke nan ban rubuta komai ba, har wasunku na tsokanata wai sabon kashin da ya fito ne ya kayar da ni. Ko buɗe shi ban yi ba.

Kun sha tambayata yadda mai furfura kamata ya liƙe wa wasan kotu. Yau zan faɗa.

A ƙarshen shekarun casa'in ina buga takardu a wani shagon kwamfuta a Gusau. Sagir, mutumin Tsafe, sa'ana, shi ke kan injin fotokwafi. Mai shagon ya zo da faifan wani wasa daga Legas, kashi uku. Kai ne lauya. Mai shaida ya yi bayani, ka duba kayan hujja, in ka ga inda maganarsa ta saɓa sai ka danna, lauyan ya buga tebur. Duk la'asar in akwai wuta muna kansa. Ni ke karanta Turancin, Sagir ke kamo maƙaryacin. Abin ya shiga jininsa, har mai kawo mana fura sai ya titsiye ta da tambayoyi.

Muna shari'ar ƙarshe ta kashi na uku tari ya kama ni.

Sati uku, sati biyar. Gumi, zazzaɓi, wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Ran da na ga jini a hankici, ninke shi na yi na mayar aljihu.

A asibiti aka karɓi majinata safiya uku a jere, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce tarin fuka ne, wata takwas zan yi ina shan magani, ba fashi. Na ce to. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Kamar labarin wani ake ba ni.

Bayan wata biyu ina kwance a asibiti aka sallame ni da ƙwayoyi, na koma gidanmu a Nahuce. Maganin yana murɗa mini ciki, fitsarina ya koma ja. Wata safiya na riƙe ƙwayoyin a hannu, na dube su, na zuba a gwangwanin madara. Gobe ma haka. Ba mutuwa nake so ba, kuma ba na ce rayuwa nake so ba. Na tura gwangwanin bayan buhun gero.

Kun san al'adarmu. Mai dubiya ya ce ya jiki, ka ce da sauƙi. Ko kana kan gargara haka za ka ce, shi ma ba zai ƙara tambaya ba. Inna ta tambaya, na ce da sauƙi. Baba ya tambaya, liman ya tambaya, kowa ya yi hamdala ya tashi.

Ranar komawa asibiti Sagir ya zo raka ni. Yana nema mini takalmi ya ja buhun nan. Na ga ya tsaya jim, sannan ya miƙo takalmin. Muka kama hanyar Gusau.

Likita ya duba sikeli, ya duba fuskata. Ya ce ya jiki, na ce da sauƙi. Ya ce ina shan magani? Na ce ina sha.

Sagir ya buɗe jakarsa, ya ajiye gwangwanin a kan teburin, ya cire murfin.

“Likita, wagga magana tashi ba ta yi daidai da hujja ba.”

Bai buga tebur ba.

Likitan ya daɗe yana kallon ƙwayoyin, sannan ya ce, “Da ka ƙara wata guda a haka, ban san abin da zan ba ka ya yi aiki ba.”

Aka sake kwantar da ni, aka faro daga farko. Allura kullum da safe har mazaunaina suka yi tauri. Nas ba ta barin gefen gadona sai na haɗiye na buɗe baki ta gani. Baba ya sayar da san nomansa guda. Inna ta ce mini, “Ka ce da sauƙi, mu ko munka yarda.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Sati biyu na ƙi yi wa Sagir magana, ina ganin ya tona mini asiri. Bai fasa zuwa ba. Ya ce ya ɓoye faifan, babu mai taɓa shari'ar ƙarshe sai ranar da likita ya ce na warke. Ya cika alkawari. Ranar muka ƙarasa ta, kuma kamar kullum shi ya gano mai laifin.

Wata huɗu da suka wuce na ji Sagir ba ya jin daɗi. Na kira shi a waya, na ce ya jiki.

Ya ce da sauƙi.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, muka koma hirar sabon kashin. Daga Gusau zuwa Tsafe ba nisa, amma ban je ba. Kwana tara bayan nan aka kira ni jana'izarsa. Har yau ban yi kuka ba, zaune kawai nake.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa iyayena, da likitan nan, da nas ɗin da ke sa ni buɗe baki. Sagir kuwa, ku taya ni yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa.

In tari ya wuce sati biyu, ku je a gwada. In an ba ku magani ku shanye, ko kun ji garau. In kuma naku ya ce da sauƙi, ku amsa da amin, sannan ku tashi ku je. Ku zauna, ku ce ya nuna muku maganin.