Igiyar Takalmin Lamba Tara

Bango ake ce masa tun yana buga baya, don in ya tsaya a gaban raga sai dai ɗan wasa ya zagaya. Yanzu ko matakalar bene sai ya yi shawara da gwiwarsa ta hagu kafin ya taka, salla kuma a kan kujera yake yin ta, shi da ko furfurar kirki bai tara ba.

Bai yi wani suna na a zo a gani ba. Ya buga wa kulob ɗin unguwa, ya buga wa na gari, daga nan wani dillalin 'yan wasa ya kai shi waje, ƙasar da rana ke fitowa kamar roƙonta ake yi. Can ya ƙarasa gwiwar. Ranar da ta fara ciwo bai gaya wa kowa ba, don a sana'arsu wanda ya ce wayyo benci yake komawa, na benci kuwa mantawa ake yi da shi. Ya ɗaure ta da bandeji, ya sha allura, ya ci gaba da gudu har ta ƙi ɗaukarsa.

Da ƙafa ta ƙi, sai ya koma ci da baki. Ya yi kwas, ya rataya usur, ya zama kocin wani ƙaramin kulob da kullum yake ƙasan tebur. Ɗakinsa ɗaya ne a saman shagon wanki: gado, butar lantarki, hita mai ƙugi, da allon da yake zana 'yan wasa. Matarsa da yara suna gida. Duk shekara yakan ce mata, "Maman yara, baɗi in sha Allahu kuna nan." Bana maganar ta kusa zama gaskiya, don shugaban kulob ya faɗa masa ƙarara: in suka tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni a wasan ƙarshe, za a ba shi dogon kwantiragi, irin wanda yake ba mutum damar kawo iyali. In suka faɗi, kowa ya kama gabansa.

Kulob ɗin kuwa da ƙafar mutum ɗaya yake numfashi, Lamba Tara, matashi mai gudu da taurin kai. Ana jibi wasa, wajen atisaye, Bango ya ga ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi. Can an jima ya sake durƙusawa. Igiyar ba ta kwance ba. Bango ya gane nan take, don shekaru ya yi yana wannan dabarar: ka durƙusa gwiwa ta huta, ka matsa ta da hannu a fakaice, koci ya ɗauka takalmi ne.

Ya kira shi gefe. "Tun yaushe take ciwo?"

"Me ke ciwo, Koci? Lafiyata lau."

"To tsaya da ƙafa ɗaya mu gani. Ta dama."

Lamba Tara ya ƙi tsayawa. Ya sassauta murya ya ce, "Koci, masu neman 'yan wasa za su zo kallo. Allura ɗaya ce kawai. Kai ma ai aikinka nake rufa wa asiri."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Bango ya wuni yana juya maganar. Ba wanda ya lura sai shi, in ya yi shiru ba mai tuhumarsa. Ya so ya yi shirun, har ga Allah ya so. Amma da safe sai ya tsinci kansa a ƙofar likitan kulob, yana jin haushin kansa yana ƙwanƙwasawa.

Ranar wasa Lamba Tara yana benci ya naɗe hannu. An ci su ɗaya, suka kasa ramawa. 'Yan kallo suka zagi Bango da yaren da ya ƙi zama a bakinsa, amma zagin duk ya gane. Yaron da Bango ya ceci ƙafarsa ya wuce shi a ɗakin sauya kaya ko kallo bai ishe shi ba. Shugaban kulob ya miƙa masa hannu, ya yi masa godiya mai sanyi.

Ya hau benensa a hankali, ya zauna bakin gado da rigar sanyinsa, ya kira gida. Ya gaya wa matarsa komai, ya shirya jin kuka ko faɗa.

Sai ta ce, "To Alhamdu lillahi. Abban yara, ka tattaro ka dawo kawai. Ni fa na daɗe da daina gaya wa yara baɗi. Kai kaɗai nake amsa wa, don kada ka ji babu daɗi."