Lafiyayyar Sifikar da Malam Sabiru Ya Farke

A Babura, in aka ambaci Malam Sabiru mai gyaran rediyo, sai an tuna ranar da ya farke lafiyayyar sifika. Tasa ce ta kansa, babba mai akwatin katako, wadda ya saya hannun wani ɗan Nijar tun ana yayin kaset, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Rannan ya jona mata wata wayar hannu ya kunna kiɗan da ke ciki, sai ta ɗauki ƙugi da shuu kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ya kashe, ya ɗauko sukundireba. Ya ɓare takardar bakin sifikar, ya sake naɗa siririyar wayar kwayil ɗin da ke cikinta, ya bi kowace mahaɗa da dalma. Ya mayar ya kunna, shuu ɗin na nan daram. Sai da ya gwada wayar a wasu sifikun kafin ya yarda cewa kiɗan ne aka yi shi a haka.

Abin ya zama abin dariya ne saboda kunnen Sabiru. Ɗan manomi ne daga Kanya Babba, ya shigo Babura koyon gyara tun gemu bai fito masa ba. Bas za ta wuce ta gaban shagonsa da rediyo a kunne, sai ya ce, "Wannan sifikar ba za ta kai kaka ba," kuma ba ta kaiwa. Bayan la'asar ƙofar shagon kan zama majalisar masu kunne. Akwai Kawu Daudu, tsohon ma'aikacin sakatariya, wanda a wurinsa kiɗa ya ƙare tun daga kukuma da kalangu. Akwai Sama'ilu, direban bas na hanyar Nijar, mai son jitar Buzaye kamar ransa. Sukan yi musu a kan wace sifika ce ke fitar da muryar ganga sosai, har shayi ya huce.

Su biyun suna nan ranar, sun yi dariya har da buga cinya. Da suka ji ko wayar wane ne, dariyar ta tsaya.

Ta Musaddiƙ ce, ɗan farin Sabiru. Saboda alkunya Sabiru bai taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" yake cewa, bai kuma taɓa yaba masa a gaban mutane ba. Tun yana rarrafe yake bin uban shago, ya yi barci ƙarƙashin benci cikin tarin rediyoyi marasa lafiya. Ya girma ya samu gurbin karatun likita a wata ƙasar Turai mai dusar ƙanƙara. Can ciwon huhu ya kama shi, can aka binne shi. A zaman makoki an ga Sabiru yana karɓar gaisuwa, ido a bushe, har ana cewa mutumin akwai tawakkali. Daga baya Hussaini, abokin karatun marigayin ɗan Kazaure, ya kawo jakarsa da wayarsa. Ya ce wannan kiɗan Musaddiƙ kan toshe kunne da shi in yana karatu, Turawa na kiransa bilak metal.

Majalisa ta ɗauko musu, amma a hankali, irin na gidan da aka yi rashi.

"Wannan ba kiɗa ba ne," in ji Kawu Daudu. "Ina amshi? Ina inda mutum zai ajiye ƙafa? Mai waƙar ma kamar an shaƙe shi a rijiya."

"Kawu, ka bar muryar, ka saurari mai jitar," in ji Sama'ilu. "Hannun nan bai tsaya ba tun da aka fara. Mai gangar kuwa, wallahi ko injin niƙa albarka."

"To ai ka faɗa da bakinka. Injin niƙa."

Sama'ilu ya juya wurin mai shagon. "Ɗaukar sautin ce ba ta yi ba, Malam Sabiru, ko? Da sun samu mai kunne irinka..."

Sabiru ya girgiza kai. Ya riga ya saurara da kyau. "Da gangan suka bar dattin," ya ce. "Mai wannan hannun ba zai rasa wanda zai tace masa sauti ba. So suke a ji shi a haka."

Da Sama'ilu ya tafi lodi, Kawu Daudu ya matso, ya sassauta murya. "Sabiru, ni ba musun kiɗa nake ba yanzu. Ba mu san abin da suke faɗa ba, na kuma ji an ce masu irinsa ba su da kirki da addini. Ka goge shi. Kada duk kunnawar da ka yi ta zama nauyi a kan mamaci."

Maganar ta zauna wa Sabiru a ƙirji. Bai ga kabari ba, bai zuba ƙasa ba. Abin da ya rage masa na yaron shi ne abin da kunnensa ya ji a ƙarshe, ga shi ana cewa shi ne zai cuce shi.

Ranar Juma'a da hantsi ya zauna a tsakar gida da wayar, da niyyar gogewa. Matarsa Dela tana tsince shinkafa. Ta ce, "Malam, kafin ka yi, bari in ji abin da yaron nan yake ji." Ya kunna mata ƙasa-ƙasa, yana jiran ta yi a'uziyya. Sai ya ga hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Ai wannan shagonka ne," ta ce.

"Shagona?"

"Ranar kasuwa. Janareta na yi, rediyo goma na shuu, kai kana gwada wata yagaggiyar sifika. In na zo ɗaukarsa nakan same shi yana barci a cikin wannan. In na kawo shi gida inda babu ƙara, sai ya farka da kuka."

Sabiru ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Bai goge ba. Ya gaya wa Kawu Daudu cewa hisabi na Allah ne, addu'a kuma tasa ce, ba zai yi fashinta ba. Kawu bai sauya ra'ayi ba, har gobe cewa yake ihu ne, Sama'ilu kuma har gobe yana kare mai jitar. Sifikar katakon dai ba ta koma yadda take ba, tun da aka ɓare takardarta ta asali muryar gangarta ta ɗan dushe.

Shekaru sun tura kafin kowa ya iya tayar da zancen. Kwanan baya Kawu Daudu, yana kurɓar shayi, ya dubi sifikar ya ce, "Wai Sabiru, duk kunnen nan naka, ka zauna kana gyaran abin da bai lalace ba?"

Sabiru ya ajiye dalmar da ke hannunsa.

"Kawu, shagon nan Musaddiƙ ya tafi da shi a kunnensa, ni kuma na tashi zan gyara masa shi. Gara da ban iya ba."