Ƙullin da Baba Bai Koya Mini Ba

Jiya na ga ɗalibai da jakunkunan goyo a tasha, sai Baba ya faɗo mini a rai. A shekarun da aka zaftare albashi, jami'a ta ɗauke shi, tsohon maharbi, ya koya wa ɗalibai zaman daji. Sukan cika tsakar gidanmu a unguwar New Bell, yana nuna musu ƙullin igiya da hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi na sa su hawaye.

Ran nan na dawo daga ofis, raina na suya, na ce, "Baba, ni ɗanka fa?"

Ya ce, "Daji ba ya son gaggawa. Sai baɗi."

Bai kai baɗin ba. Har yau in ɗaya daga cikin ɗaliban nasa ya ce "Babanmu", nakan kau da kai. Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya sanyaya mini zuciya.